Kurkum Ba Ya Mayar Da Mace Fara A Kwana Bakwai

Wata talla ce take ta yawo a zaurukan WhatsApp na mata tun da aka shiga kakar bukukuwa, har ta ishe ni. Hotuna biyu ne na yarinya ɗaya a jere. A na farko baƙa ce mai kyau, irin baƙin nan mai sheƙi. A na biyu ta koma fara sol. A ƙasa aka rubuta: "Haɗin amare, kwana bakwai kacal. Wallahi ba bilicin ba ne, zallar kayan gargajiya ne, kurkum da zuma da madara da man kaɗanya." Sai ga mata sun yi caa, kowa na tambayar nawa ne ƙaramar roba.

Gara in faɗi matsayata tun da wuri. Babu ganye, babu saiwa, babu man gargajiyar da zai sauya launin da aka haifi mutum da shi cikin mako guda. Duk abin da ya yi wannan aiki, akwai magani mai ƙarfi a cikinsa, ko mai sayarwa ta sani ko ba ta sani ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da sunan kayan iyayenmu ake fakewa. Gyaran fata da gashi na gaskiya yana nan, kuma yana da araha. Sai dai ba ya sauri, ba ya kuma canza kala, shi ya sa ba mai yi masa talla.

Abin da ke cikin robar

Kusan kullum ɗaya ne daga cikin abubuwa uku, wani lokacin ma duka ukun a roba guda.

Na farko shi ne sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda ake matsowa daga tub ɗin nan na kemis a juye cikin man shafawa. Magunguna ne na gaske, likita kan rubuta su don cutar fata, a shafa a wuri ƙalilan na ɗan lokaci. Idan aka mayar da su man yau da kullum daga fuska har tafin ƙafa, fata sai ta yi ta sirancewa. Daga nan sai jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa mai faɗi ta keto a damtse da cinya ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, ƙuraje su feso, makero da kyasbi su samu wurin zama don garkuwar fatar ta yi rauni. Maganin kuma ba a fata yake tsayawa ba, yana ratsawa cikin jini, yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Ciwo ma ba ya saurin warkewa a irin wannan fata, abin da kan zama tashin hankali ranar da haihuwa ta zo da tiyata.

Na biyu shi ne haidurokwinon, mai hana fata samar da sinadarin da ke ba ta launi. Idan aka daɗe ana shafa shi, musamman a rana irin tamu, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido wanda yake da wuyar fita. Kowa ya san irin fuskar nan, goshi fari, kumatu kamar an ƙona.

Na uku shi ne zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, take kuma isa ga jariri ta mahaifa da ta nono. Ita ba ma mai shafawa kaɗai take kamawa ba, tana bin tawul da zanen gado ta kai ga miji da yara.

Dokar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidurokwinon ga kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da fitarwa, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. Wanda yake ganin lambar ta yi yawa ya leƙa layin 'yan mai a kasuwar Sabon Gari ranar Asabar.

Amma doka tana aiki ne a kan kwalbar da ke da suna da lamba. Robar da aka haɗa a uwar ɗaki, aka liƙa mata takarda mai hoton fure, ba wanda ya san abin da ke cikinta sai wadda ta dama.

"Ni ba fari nake nema ba, so nake fatata ta fito"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Rana tana dafa fata, ƙurar hunturu tana sa ta yi furu-furu, wahala da rashin barci suna dusashe ta. Amaryar da aka killace a ɗaki, ta huta da shiga rana, aka murje ta da dilka, aka cire mata gashin jiki da halawa, ta ci ta ƙoshi, dole ta fito tana ɗaukar ido. Mutanen Maiduguri sun daɗe da sanin wannan, kuma ba su yi ƙarya ba.

Sai dai wannan fitowar tana da iyaka. Ki ɗaga hannunki ki dubi cikin damtsenki, inda rana ba ta taɓawa. Wannan ce kalarki. Dilka da kurkum da hutu za su iya matso da fuskarki kusa da ita. Duk abin da ya haskaka ki fiye da nan, ba datti ya wanke ba, fatar ya taɓa.

Akwai kuma gwaji na biyu wanda ba ya ƙarya. Ki daina shafawa na mako biyu, in dai ba ki daɗe kina shafawa a duk jiki ba. Man kaɗanya in kika bar shi, iyaka fata ta bushe. Haɗin da ke da sitiroyid in kika bar shi, fuska za ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ƙuraje su taso, ki yi baƙin da ya fi na da. Sai ki koma wurin mai haɗi a guje, ita kuma ta ce ai kin ga amfanin kayanta. A nan cinikin yake. Ba a roba ta farko ake cin riba ba, a wadda ba za ki iya dainawa ba ne.

Na gargajiyar ma ba duka ne lafiya ba

Kada wata ta ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ko daga kicin alheri ne. Ba haka ba ne, kuma masu cewa haka su ma suna cutar da mutane.

Kwallin dutse da muke rangaɗa wa jarirai, da yawansa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ita ce dai gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.

Lalle na asali ja ne. Baƙin da ake zana wa amare da yara ranar Sallah, galibi da dayis ɗin rina gashi ake haɗa shi, mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan sa hannu ya kumbura ya ɗuri ruwa, zanen ya zauna a matsayin tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, yawanci ta rabu da shi ke nan har abada.

Sai masu matsa lemon tsami a fuska su fita rana, da masu ɗora man goge baki ko ɗanyar tafarnuwa a kan ƙurji. Duk ƙuna ce. Kuma baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ƙona ta ko aka ji mata ciwo, da baƙin tabo take ramawa, tabon da kan yi watanni. Yawancin tabon da 'yan mata ke neman man da zai goge, da hannunsu suka yi shi, wajen matsar ƙurji da dirzar fuska da soso.

Ko sabulun salo, da nake ganin girmansa, da toka ake yin sa, yana da kaifi. Mai busasshiyar fata in ta dage da shi safe da yamma a hunturu, za ta ji a jikinta.

Gashi

A nan ma wasan ɗaya ne, sai dai tsawo ake sayarwa maimakon fari. Gashin ɗan Adam yana tsiro ne kimanin santimita ɗaya a wata. Ba man da zai ninka wannan sau biyar, ko daga ina aka kawo shi.

Ɗauki cebe, garin nan na matan Cadi da ya zagaye duniya ta intanet. Gaskiya ne matan Larabawan Basara suna da gashi har gadon baya. To amma ki dubi yadda suke yi. Ba a fatar kai suke zuba shi ba, a jikin gashin suke shafa shi da mai, su kitse shi manya-manya, su ƙyale shi, su maimaita, shekara da shekaru tun suna yara. Cebe ba ya sa gashi tsiro, karyewa yake hanawa. Sirrin yana cikin laima da rashin takurawa da haƙuri, ga kuma gado. Wadda ta sayi garin ta ci gaba da fizgar kanta da ƙaramin mataji a bushe, kuɗinta kawai ta zubar.

Gashinmu yana fitowa. Mu ne muke karya shi da sauri fiye da yadda yake tsiro. Mun taso da imanin cewa kitson da bai sa ciwon kai ba bai kamu ba. Yarinya tana kuka, gefen goshinta ya yi ƙananan ƙuraje, uwa tana cewa mai kitso ta ƙara ja don ya kai wata. Wannan jan shi ne ke cinye gaban goshi, kuma idan aka shekara ana yi, tushen gashin yakan mutu, ba man da zai dawo da shi. Ki lura da yawan matan da ke jawo ɗankwali har gira, ba duka ne don yayi ba.

Rilaksa kuwa, mai ƙarfinta da soda ake yin ta, dangin wadda ake dafa sabulu da ita. Shi ya sa take ƙona fatar kai. A 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa yi fiye da sau biyu. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi ba. Amma ni dai ya ishe ni dalilin da zan ce a bar kan 'yar shekara biyar ya huta, ko da tsifar za ta ɗauki yini.

Abin da ke aiki ba sabo ba ne. Karkashin da muke miya da shi, in aka jiƙa shi, yauƙinsa yana warware gashi ba tare da fizga ba. Shi ne ake ƙullawa a leda da sunan ambunu ana sayar wa baƙaƙen fatar Amurka da dala. Garin ganyen magarya yana wanke kai. Man kaɗanya ko man shanu a jelar gashi bayan an ɗan jiƙa shi, sai a taje daga ƙasa zuwa sama da mataji mai manyan haƙora. Kitso sassauƙa, kada ya wuce makonni kaɗan.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa wa masu rufe kai ba. Kada ki ɗaure jiƙaƙƙen gashi ki kife shi da hula da hijabi, zafi da danshi su ne abincin amosanin ka da wari. Sannan lafta mai a fatar kai ba ya maganin amosani, ƙwayar da ke haddasa shi ma maiƙo take ci. Wanki yake so a kai a kai, in ya ƙi, akwai sabulun wanke kai na magani a kemis.

Idan kuwa gashi yana zuba ne daga tushe, a duba ciki. Mai jego takan ga zubar gashi wajen wata uku bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da jininta bai kai ba, wake da zogale da hanta da ƙwai za su fi yi wa gashinta amfani fiye da kwalbar dubu goma.

Fuska kuma fa?

Ba wani dogon karatu. A wanke sau biyu a rana da sabulu marar kaifi, da hannu, ba da soso ba. A cire kwalliya kafin a kwanta. A riƙa wanke rigar filo da bakin hijabi da niƙabi, don man gashi da gumi a nan suke taruwa su koma goshi da haɓa. Man kwakwa yana da kyau a gashi, amma yakan toshe ƙofofin fuskar mai maiƙo. Mai kwalliyar biki da ke goga soso ɗaya a fuskar ƙawaye goma, a roƙe ta ta wanke. A rage lemon kwalba da kayan zaƙi. A guji tsakar rana in da hali, mai iko ta sayi man kariya daga rana, don rana ce ke ƙara duhun tabo.

Shan ruwa yana da kyau, amma ba ya warkar da ƙuraje, kada a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Ko maganin asibiti sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin a ga canji. Ƙurajen da suka zo tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, ba na sabulu ba ne, na likita ne.

"Ai maza ne suke so"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Yarinya ba ta tashi haka kawai ta tsani fatarta. Tun tana ƙarama take jin ana cewa ƙanwarta ta fi ta kyau don ta fi ta haske. Ta girma ta ji samari suna cewa farar mace alkyabbar mata. Ta ga wadda ake sa wa a gaban fim da wadda ake ba aikin 'yar aiki. Ranar da aka kawo lefenta, dangin ango da kansu suka jero mayukan a cikin akwati. Ranar kai ta, 'yan ganin amarya suka koma gefe suna cewa ba a yi mata gyara ba. In aka yi mata kishiya fara, shi ke nan, sai abin da hali ya yi.

Saboda haka ba na cikin masu yi wa mai baƙin gaɓoɓin yatsu dariya. Namijin da ke zagin 'yan bilicin a Facebook, amma duk budurwar da zai tsayar a hanya sai fara, shi ne babban dillalin mai haɗi, ko da bai taɓa ganin ta ba. Wasu mazan ma yanzu sun daina aike, da kansu suke shafawa.

Muna karanta aya ta 22 a Suratur Rum, inda Allah ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa. Malamai suna wa'azi a kan bilicin, amma kusan kullum matan ake fuskanta. Ina so in ji ranar da za a juya ga sahun gaba a tambaye su me suke faɗa a gaban 'ya'yansu mata, a kuma tambayi uwar miji me take nufi in ta ce ɗanta ya ɗauko mata baƙa.

Abin har ya sauko kan yara. A 2025 BBC ta kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan haɗi, don tana ganin a cikin dangi an fi nuna so ga jikokin da suka fi haske, fatar yaran ta ƙone ta bar tabo. Uwar ta yi kuskure babba. Amma wa ya fara nuna wa yaran bambanci?

"Sana'a ce, kada a toshe wa mata hanyar abinci"

Ban ce a daina sana'a ba. Da yawa daga cikin masu haɗin nan zawarawa ne da matan aure masu riƙe da gida, wasunsu ma ba su san abin da ke cikin farin man da suke sarowa a jarka ba, an dai ce musu shi ne ke sa haɗi ya kama. To amma mai sayar da abinci ma sana'a take yi, ba wanda ya yarda ta zuba abin da ba ta san shi ba a tukunya.

Abin da nake nema kaɗan ne. A rubuta duk abin da ke ciki a jikin roba. A nemi lambar NAFDAC. Masu kemis su daina sayar da tub ɗin sitiroyid katan-katan ga wanda suka san ba majinyaci ba ne. Shahararrun matan da ake biya su yi talla a TikTok da Instagram, alhali fuskarsu tace ta aka yi da waya, hukuma ta fara tambayarsu kamar yadda za ta tambayi mai tallar maganin da ba rajista.

Kuma kasuwar halal ɗin tana nan a buɗe. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwayar kaɗanya, amma ɗanya ake kwashe ta, a sarrafa a waje, a dawo mana da ita cikin kwalba mai tsada. Wannan ne ya sa a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida. Macen da ta iya tace man kaɗanya mai tsabta, ta daka karkashi da magarya ta ƙulla da kyau, tana da abin sayarwa har ƙasashen waje ba tare da ta ɓata fuskar kowa ba.

Ga wadda ta riga ta yi nisa kuwa, kada ta watsar da man dare ɗaya in ta daɗe tana shafawa a duk jiki, don sitiroyid a hankali ake janye shi. Ta ɗauki robar da kanta ta kai wa likitan fata, akwai su a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana amfani da shi. Za ta yi baƙi, za ta yi ƙuraje, watanni za su shuɗe kafin fatar ta daidaita, wata nankarwar ma ba za ta tafi ba. A wannan tsakanin ne yawanci ake komawa ruwa, kuma ba raɗaɗin fuska ne ke mayar da su ba. Ƙawa ce ko miji ko yaya za su kalle ta su ce, "Wai lafiya kuwa? Duk kin lalace."